NAS, faifan hannu, Google Drive ko tsohuwar kwamfuta: wanne ya dace da shagonka a Gusau?

Masu situdiyon hoto da bidiyo, masu shagon buga takardu da wasu masu makarantun kuɗi a nan Gusau sun fara tambayar ko su sayi NAS. Wani a YouTube ya gani, wani kuma abokin sana'arsa na Kano ne ya nuna masa nasa yana ƙyafta ƴan fitilu a ƙarƙashin tebur. Ni kuwa idan aka kawo mini wannan tambaya, tambayoyi biyu nake mayarwa: mutum nawa ke taɓa fayil ɗaya a wurin aikinka, kuma da wace wuta kake kwana? Amsarsu ce ke raba gardama, ba sunan kamfanin da ya ƙera akwatin ba.

NAS ƴar ƙaramar kwamfuta ce marar allo, marar madannai, cikinta da gurbin faifan ajiya biyu, huɗu ko fiye. Ana jona ta da rauta ta waya, sai duk kwamfuta da wayar hannun da ke kan rautar nan su riƙa ganin foldojinta kamar a cikinsu suke. Ba ta cin data idan a cikin shago ake aiki da ita, domin fayil daga akwatin yake tasowa ya bi waya ya isa kwamfutarka, bai leƙa intanet ba. Ko rautar da babu sim a cikinta za ta yi wannan aikin. Abokan takararta uku ne: faifan hannu da muke cewa estanal, ma'ajiyar intanet irin su Google Drive da OneDrive, sai tsohuwar kwamfuta da aka mayar ma'ajiya.

Faifan hannu

Shi ne mafi arha, kuma shi kowa ya fara da shi. Ba ya son saiti, ba ya son rauta, ba ya cin wuta sai lokacin da aka soka shi. Ga mutum ɗaya mai kwamfuta ɗaya, ban ga abin da ya fi faifan hannu guda biyu ba, da sharaɗin guda biyun abu ɗaya ne a cikinsu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Wanda yake haka ya rufe wannan rubutu ya riƙe kuɗinsa.

Matsala tana farawa ne idan hannuwa suka yi yawa. Shiga situdiyo bayan Sallah, lokacin da bukukuwa suka yi cincirindo, ka buɗe durowar maigida. Za ka tarar da faifai biyar ko shida, kowanne an manna masa farin salatif an rubuta da biro: "Biki Tsafe", "Walima", "Kada a goge". Yaron shago ya ɗago kai ya ce, "Oga, wanda aka gyara ɗin yana cikin baƙin ne ko shuɗin?" Oga ya ce, "Duba duka." A cikin baƙin akwai bidiyon, a cikin shuɗin ma akwai, sunansu ɗaya, girmansu ya ɗan bambanta, kuma babu wanda ya tuna wanne ne aka cire wa wurin da uwar amarya ta ce a cire. Ga shi faifai ɗaya mutum ɗaya ne zai yi aiki da shi a lokaci guda, saura su jira. Ƙari a kan haka, faifan da ke yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta shi ke kwaso ƙwayar cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar maka hotonsu kawai, wadda duk mai shagon buga takardu ya san ta. Kuma cikinsa faranti ne ke juyawa da allura a kansa. Ya faɗo daga tebur yana cikin aiki, sai dai a yi haƙuri. Na SSD, wanda babu faranti a cikinsa, ba ya tsoron faɗuwa haka, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba, amma kuɗin kowace terabait ɗinsa ya ninka na mai faranti.

Ma'ajiyar intanet

Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa. OneDrive na ba da 5, Dropbox 2. Ga makarantar da abin da take ajiyewa shi ne sakamakon jarrabawa, jadawali da wasiƙu, gigabait 15 fili ne babba, domin takardun Word da Excel ba su da nauyi. Kuma tana da wata falala da sauran ukun ba su da ita: fayil ɗin ba ya cikin gininka. Gobara ta tashi a layin shaguna, ɓarawo ya fasa silin, ruwa ya shigo da damina, babu abin da ya shafe shi.

Amma mai bidiyo ya ɗauki biro mu yi lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa (megabit 8 ne ke yin megabait ɗaya) tana haifar da gigabait 45 a awa ɗaya. Idan layinka na tura megabit 10 a daƙiƙa, ba yankewa ba tangarɗa, awa 10 za ka yi kafin bidiyon awa ɗaya ya hau. Terabait ɗaya kuwa ya haura kwana 9, dare da rana. Wannan bidiyon na gigabait 45 idan ta wayar gigabit ya bi zuwa NAS, wajen minti 7 ne. Sannan ga kuɗin data, wanda ya ƙara tashi tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Masu Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, sun ɗan sami sauƙi, sai dai ita ma saurin turawarta bai kama ƙafar saurin saukewarta ba, kuma turawa ce aikin mai ajiya.

Mu ƴan Zamfara muna da wani dalili da ba sai an ba mu labari ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Duk wanda takardun aikinsa ke Google Drive kaɗai a lokacin, suna nan lafiya lau, amma shi da su sai ya ƙetara wata jiha. Haka a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Saboda haka ni ban yarda ma'ajiyar intanet ta zama gidan fayilolin aiki na kullum ba a garin nan. Wurin ɓoye ƙarin kwafi ce, na abubuwan da ba su da nauyi amma rasa su masifa ne: lissafin kuɗi, takardun rajista, zaɓaɓɓun hotunan da aka gama gyarawa.

Shi kansa NAS

Inda ya yi wa kowa fintinƙau shi ne aikin tarayya. Folda ɗaya ce, kowa ita yake buɗewa, babu maganar baƙi ko shuɗi. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa: mai gyaran bidiyo ya shiga foldar bidiyo, mai karɓar kuɗi ya ga rasitai kawai, sabon yaro ya iya dubawa amma ba zai iya gogewa ba. A makaranta, malamin aji ya ga sakamakon ajinsa, foldar albashi kuwa sai shugaba da akanta. Ga masu riƙe bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya wannan ba ƙawa ba ce, tunda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Akwatunan da ke aiki da tsarin jera fayiloli na Btrfs ko ZFS suna da wani abu da ni a wurina ya fi komai daraja: suna iya ɗaukar hoton yadda folda take kowace awa ko kowace rana, ba tare da cin fili mai yawa ba. Yaro ya goge aikin jiya, ko ya adana sabo a kan tsoho, sai ka koma hoton safiya ka ɗauko.

Yanzu ga inda ake yaudarar kai. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, faifai biyu ne a ciki, ɗaya ya mutu ɗaya na nan." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Wannan tsari shi ne RAID 1, kuma aikinsa irin na rasit mai kabon ne: abin da ka rubuta a sama shi ke fitowa a ƙasa, har da kuskuren. Ka goge fayil, ya tafi a duka biyun a daƙiƙa guda. Tsawa ta bi waya ta ƙona akwatin, ko aka ɗauke shi cikin dare, duka biyun sun tafi. Abu ɗaya tak RAID ke karewa, mutuwar faifai. Ƙa'idar da masu harkar ke bi, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata, ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ma'ana, wanda ya sayi NAS bai rabu da faifan hannu ba. Zai riƙa soka shi a bayan akwatin duk ƙarshen mako, ya kwafe, ya cire, ya tafi da shi gida. Wanda kuɗinsa ba zai kai akwati da faifai biyu da wannan na ukun ba, bai kai sayen NAS ba tukuna.

A san kuma cewa yawancin akwatunan wayam ake sayar da su, faifan daban ake saye, kuma sau da yawa kuɗin faifan ya kai ko ya fi na akwatin. Faifai biyu masu terabait 8 a RAID 1 terabait 8 za su ba ka, ba 16 ba, kuma kwamfuta za ta nuna maka wajen 7.2 saboda bambancin yadda take ƙirga da yadda kamfani ke ƙirgawa. Akwati mai gurbi huɗu da faifai huɗu masu terabait 8 a wani tsarin da ake kira RAID 5 zai ba ka 24, ya kuma jure mutuwar guda ɗaya. Duk kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashinsu bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ka tambayi Kano da Abuja a ranar da za ka saya.

Wuta, zafi da ƙura

Nan ne ya kamata a daɗe, domin waɗanda ke yin bidiyon talla a Turai ba su san wannan babin ba. NAS mai gurbi biyu yana cin wajen wat 15 zuwa 20 idan yana aiki. A ce 20: awa 24 ya ci wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, kuma idan na ruwa ne ba a son a zuƙe fiye da rabi, wato 1,200. Ke nan mai sola da inbata zai iya riƙe shi ba da wahala ba, musamman idan ya saita masa lokacin kwanciya da na tashi, ya mutu da kansa bayan an rufe shago ya kunnu da safe.

Abin da ba ya jurewa shi ne a ɗauke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Sau ɗaya ko biyu zai iya shanyewa, amma a wurin da ake ɗaukewa a kawo, a tada janareta a sauya layi, wata rana za ka tarar da jan gargaɗi cewa rumbun ya lalace. Maganinsa UPS, wato akwatin batir da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, mai ramin USB a baya. Ana haɗa wayar USB ɗin da NAS, a shiga saiti a kunna, sai UPS ta riƙa gaya masa an ɗauke wuta, shi kuma ya rufe aikinsa a tsanake kafin batirinta ya ƙare. UPS marar wannan rami jinkirta faɗuwar kawai take yi da ƴan mintuna. Kuma ranar da faifai ɗaya ya mutu ka saka sabo, akwatin zai yi awoyi masu yawa, wani lokaci fiye da yini, yana kwafe komai a kan sabon. A wannan tsakanin kwafi ɗaya gare ka. Ranar ba ranar tsimin man janareta ba ce.

Zafi kuma, Synology, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ƙera NAS, ta rubuta a takardun akwatunanta na gida da ƙananan ofisoshi cewa iyakar zafin ɗakin da za su yi aiki digiri 40 ne. Duk wanda ya zauna shagon kwano a Tudun Wada ko Sabon Gari da azahar ɗin watan Afrilu ya san ana taɓa wannan iyaka a wuce. Kada a kulle shi a durowa ko kabad, kada a jingina bayansa da bango, a sa shi inda fanka ke kaiwa. Da hunturu kuwa, ka zaro tiren faifai ka duba: za ka ga ƙura ja-ja ta yi kamar auduga a bakin ramukan iska, fikafikan fankar baya sun yi kauri har sautinta ya sauya. A kashe shi, a fitar da shi waje a hure da abin hura iska. Da damina a sa masa abin kare tsawa, har da wayar da ta fito daga eriya ko rautar waje, don tsawa ta fi son bin ta nan.

Wane kamfani, wane faifai

Synology da QNAP, dukansu na Taiwan, su ne manya. Synology ta fi sauƙin sarrafawa, manhajarta DSM ko wanda bai taɓa gani ba zai lalubo hanya, kuma ita nake nuna wa wanda ba ya son wahala. Samfurinta DS223j na masu ƙaramin ƙarfi ne, RAM ɗinsa gigabait 1 kuma ba a ƙarawa. Ya isa ajiye takardu da hotuna. DS224+ yana da injin Intel da RAM gigabait 2 da ake iya ƙarawa, ya fi dacewa da wurin da mutane da dama ke shiga lokaci guda. Sai dai a 2025 kamfanin ya fito da tsarin takura wa sabbin akwatunansa su yi aiki da faifan da ke ɗauke da sunansa, jama'a suka yi ca, daga baya ya sassauta. Don haka a duba jerin faifan da samfurin ke karɓa kafin a biya. QNAP kan ba da ƙarfin inji fiye da kuɗinsa, amma saitinsa ya fi yawa. Akwai Asustor da TerraMaster, ga UGREEN da ta shigo harkar daga baya, masu sauƙin kuɗi. Abin dubawa a nan shi ne wa zai taimake ka idan ya rikice, tunda a garin nan masu gyaran da suka saba da su ba su da yawa.

Faifai a sayi na NAS: Seagate IronWolf, WD Red Plus ko Toshiba N300. A lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 aka gano cewa wasu WD Red masu terabait 2 zuwa 6 suna amfani da salon rubutu na SMR, wanda ke yin nauyi ƙwarai idan ana sake gina RAID, daga nan ne kamfanin ya ware masu salon CMR, wanda ba shi da wannan matsala, ya kira su Red Plus.

Sauri kuma ba daga akwatin kaɗai yake ba. Wayar gigabit na kai megabait 110 da ɗoriya a daƙiƙa, amma rautoci masu arha da yawa ramukansu na megabit 100 ne, wato wajen megabait 11. Mutum ya sayi akwati mai tsada ya jona a irin wannan, ya dawo yana cewa an cuce shi. Ƴar suwic ta gigabit, wato akwatin da ake jona wayoyin na'urori a cikinsa, da wayoyin Cat6 sun warware matsalar da kuɗi kaɗan. Gyaran bidiyo ta Wi-Fi kuwa, a manta da shi.

Kada a buɗe masa ƙofa ta intanet

Kowa na son ya zauna gida ko ya je Talata Mafara ɗaukar biki ya buɗe fayilolin shago a wayarsa. Ana iyawa, amma hanyar da aka bi ita ce magana. A Janairun 2022 wata manhajar garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ta kulle dubban akwatunan QNAP da aka bari a buɗe ga intanet, tana neman fansar bitkoyin 0.03 kan kowanne, wata guda bayan nan ta faɗa wa na Asustor. A Yunin 2021 masu akwatin ajiya na WD My Book Live a ƙasashe da dama suka wayi gari an shafe musu komai daga nesa; rabon na'urar da sabuntawa tun 2015. Darasin aiki a nan shi ne a kashe UPnP a rauta, wato saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ta intanet, kada a buɗe wa akwatin tashar shiga kai tsaye, a rufe asusun admin na asali, a sa tantancewa mai mataki biyu, a bi ta Tailscale ko wata VPN, wato rufaffiyar hanya ta cikin intanet, idan ana son shiga daga waje. Tsohon akwatin da kamfaninsa ya daina sabunta wa manhaja, ko kyauta aka ba ka, ya tsaya a cikin shago kawai.

Tsohuwar kwamfuta

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejin Kaura Namoda suna son wannan hanya, kuma ina ganin dalilinsu. TrueNAS da OpenMediaVault, manhajojin da ke mayar da kwamfuta NAS, kyauta ne. Na farko yana son RAM aƙalla gigabait 8, na biyu ko ƴar mitsitsiyar kwamfutar nan Raspberry Pi na ɗaukarsa. Don koyo babu kamarta. Don kasuwanci kuwa, lissafin wuta ke kashe ta: tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 70 za ta sha wat-awa 1,680 a yini, fiye da abin da batirin nan na sama zai bayar. Ƙaramar kwamfutar ofis da aka riga aka yi amfani da ita, mai girman littafi, ta fi dama-dama wajen wuta, sai dai ba ta da wurin manyan faifai biyu. Babbar illar ma ba wuta ba ce: wanda ya haɗa shi kaɗai ya san kanta. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, maigida ya zauna da baƙin allo da farin rubutu.

To wa zai sayi me

Mai kwamfuta ɗaya, faifan hannu biyu da Google Drive na kyauta. Makaranta ko ofishin da takardu ne kawai aikinsa, mutum uku ko huɗu, folda ɗaya da aka raba daga kwamfutar Windows ta ofis tana iya wadatarwa, da faifan hannu na ƙarshen mako. NAS mai gurbi biyu ya shigo ne idan ana son kowa da iyakarsa, ko an gaji da jiran a kunna kwamfutar akanta. Situdiyon da ke da masu gyara biyu zuwa sama kuma yana da sola, shi ne ainihin mai NAS, kuma idan bidiyo ne sana'ar ya daure ya sayi mai gurbi huɗu ko da faifai biyu zai fara da su, don bidiyo ba ya raguwa. Wanda wutarsa janareta ce zalla, ana kunnawa ana kashewa, ya fara zuba kuɗin a batir da inbata.

Idan ka je saye, ko a Farm Centre ta Kano ko a Banex ta Abuja, kada ka yarda da ledar da aka liƙe. Faifan da aka ciro daga manyan ma'ajiyun ƙasashen waje bayan shekaru yana aiki ana sake naɗe shi a sayar a matsayin sabo. Ka sa a jona shi a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo, ka duba awoyin da ya yi a kunne da layin sassan da suka lalace aka sauya musu wuri. Sabo awoyinsa ba su wuce ƴan ƙalilan ba, sassan kuma sifili. Masu wayo na iya goge wannan lissafi, saboda haka ka ɗauki lambar jikin faifan ka saka a shafin garanti na Seagate ko WD tun kana tsaye a shagon, ka ga ko lambar ta dace da samfurin da ke hannunka da kuma ranar da garantinsa zai ƙare.